Shari'ar Arthur Nwankwo, ranar da kotu ta ce gwamna ba sarki ba ne

Shekarar 1982 ce, zamanin jamhuriya ta biyu, Shagari yana Legas yana mulki, zaɓen 1983 ya ƙarato kowane ɗan siyasa ya fara wasa wuƙarsa. A tsohuwar jihar Anambra, wadda hedikwatarta take Inugu kafin a raba ta a 1991, gwamna shi ne Jim Nwobodo na jam'iyyar NPP, matashi ɗan gayu mai farin jini a wajen magoya bayansa. Kwatsam sai wani mutum mai suna Arthur Nwankwo ya fito da wani ɗan littafi, wanda takensa kaɗai ya isa ya gaya maka inda aka dosa, wato yadda Jim Nwobodo ke mulkin jihar Anambra. A ciki bai rage wa gwamna komai ba, ya zarge shi da almundahana da mulkin danniya, kuma da sunansa ya fito ɓaro-ɓaro ba wani ɓoye-ɓoye.

Nwankwo fa ba ɗan jagaliya ba ne da za a ce an ba shi na goro ya je ya yi zagi. Mutum ne da ya yi karatu a Amurka, marubuci ne, kuma shi ne mai kamfanin ɗab'i na Fourth Dimension a Inugu, kamfanin da manyan marubutan yankin suka riƙa kai wa aikinsu. Sannan ɗan siyasa ne na ɓangaren adawa, yana tare da PRP ta Malam Aminu Kano, kuma shi ma kujerar gwamnan yake hari. Wannan ya kamata a riƙe shi da kyau, don duk shari'ar a kansa take tafiya: ɗan takara ne ya rubuta laifin ɗan takara ɗan'uwansa ana dab da zaɓe, illa dai ɗayan yana da 'yan sanda da Antoni Janar a hannu, ɗayan kuma injin buga takarda kawai gare shi.

Gwamna bai je kotu da sunansa ya ce an ɓata masa suna a biya shi diyya ba. Gwamnatin jiha ce ta gurfanar da Nwankwo a Babbar Kotu ta Onitsha, garin da 'yan kasuwarmu ke ce wa Anaca, kan laifin da lauyoyi ke kira sedishin, wato buga rubutu da rarraba shi da nufin tunzura jama'a su tsani hukuma ko su raina ta. Kotu ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin wata 12.

To bari mu ɗan tsaya kan dokar kanta, don sai ka karanta ta da idonka za ka gane me ya sa masu mulki ke sonta haka. Tana sashe na 50 da 51 na kundin laifuka da ake aiki da shi a kudu. Sashe na 50 ya ce niyyar tunzurawa ita ce mutum ya yi nufin jawo ƙiyayya ko raini ko rashin so ga shugaban ƙasa ko gwamna ko gwamnati, ko ya zuga jama'a su nemi canza wani abu ba ta hanyar doka ba, ko ya haddasa rashin gamsuwa a zukatan 'yan ƙasa, ko ya hura wutar gaba tsakanin rukunonin jama'a. Sashe na 51 kuma ya sa hukunci, ɗaurin shekara 2 ko tarar naira 200 ko duka biyun ga wanda ya yi na farko, shekara 3 ga wanda ya maimaita. Ka sake duba kalmomin nan, raini, rashin so, rashin gamsuwa. Don Allah wane ɗan adawa ne a duniya zai hau mumbarin kamfe ba da nufin jama'a su daina son mai ci ba? Ai aikin kenan gaba ɗaya. In ka ce wa mutane gwamna ya cinye kuɗin asibiti, ba so kake su ƙara ƙaunarsa ba. Dokar ba ta ce sai ka kira a ɗauki makami ba, ba ta ce sai an ƙona wani abu ba, ba ta ma ce sai abin da ka faɗa ya zama ƙarya ba. E, akwai 'yar togaciya a ciki, wai ba laifi ba ne in nufinka ka nuna an ɓatar da shugaba ko ya yi kuskure don a gyara, amma wa zai tantance ko gyara kake nema ko raini? Mai gabatar da ƙara ne da alƙali, kuma ƙarar ma ba ta shiga kotu sai da sa hannun Antoni Janar, mutumin da shi gwamnan ya naɗa.

Asalin dokar ba tamu ba ce. Turawan mulkin mallaka suka kawo ta, a 1909 zamanin gwamna Egerton aka fara kafa ta a kudu, lokacin da jaridun Legas da irin su Herbert Macaulay suka hana shi sakat kan batun filaye da harkar jirgin ƙasa da harajin ruwa. A can Ingila tushenta shi ne kare martabar sarki, don a tunaninsu na da sarki ba ya kuskure, talaka kuma ba shi da hurumin auna shi. Da aka kawo ta Afirka sai ta ƙara kaifi. A 1936 a Akara, Wallace-Johnson ɗan Saliyo ya rubuta wata maƙala mai zafi kan Turawa a jaridar da Nnamdi Azikiwe, wanda ake kira Zik, ke wa edita, aka kama su biyun da wannan laifi, Zik ya sha a ɗaukaka ƙara a 1937 saboda masu ƙara sun kasa tabbatar da cewa shi ne editan ranar da aka buga, shi kuwa Wallace-Johnson ya kai tasa har kotun ƙarshe ta daular Ingila a Landan, suka ce masa a dokar mulkin mallaka ba sai an nuna ka kira tashin hankali ba, kalmomin kawai sun isa. Ƙarshen shekarun 1940 kuma aka ɗaure matasan ƙungiyar Zikist da ita, cikinsu har da Raji Abdallah wanda ya yi aiki a Kano ya kafa NEPA, ƙungiyar siyasar da ta riga NEPU.

Abin dariya abin takaici, wa ne jagoran NPP kuma ɗan takararta na shugaban ƙasa a 1979 da 1983? Zik ne. Wato gwamnan jam'iyyar mutumin da Turawa suka taɓa gurfanarwa da wannan doka, shi ne ya zaro ta daga kube ya ɗora wa ɗan ƙasa a wuya. Ni wannan wajen ya fi komai tsaya min a rai a labarin nan, don ya nuna matsalar ba ta launin fata ba ce, kujerar ce, duk wanda ya hau ya tarar da bulalar a jingine sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi.

Mu nan arewa ba baƙon abu ba ne a wajenmu ko da sunan ya bambanta. Dattawan da suka ga zamanin NEPU za su ba ka labarin yadda ake kai mutum gaban alƙali don ya yi lacca ba izini ko an ce ya zagi sarki ko ya ci mutuncin En'e, a yi masa bulala ko a aika shi gidan yari, Hajiya Gambo Sawaba kaɗai sau nawa aka ɗaure ta. Da aka kawo Final Kod, kundin laifuka na arewa, a 1960 shi ma an tanadi irin wannan laifi na tunzura jama'a kan gwamnati, yana sashe na 416 na dokar tarayya da ke tafiya tare da shi.

Yanzu ga babban dutsen da ke gaban lauyoyin Nwankwo da suka ɗaukaka ƙara. Shekara ashirin da 'yan kai kafin nan an riga an gwada wannan doka da kundin tsarin mulki, kuma dokar ce ta yi nasara. Dokta Chike Obi, masanin lissafi a jami'ar Ibadan kuma ɗan majalisa, ya raba wata takarda yana cewa a yi waje da maƙiyan jama'a masu zaluntar marasa ƙarfi, yana nufin ministocin gwamnatin tarayya ta lokacin. Aka kai shi kotu, ya ce kundin 1960 ya ba shi 'yancin faɗin albarkacin baki. A 1961 Kotun Ƙoli ta tarayya ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Adetokunbo Ademola ta ce a'a, kana da damar sukar gwamnati da hujja cikin ladabi, amma ba ka da damar yi mata suka mai cike da mugun nufi da za ta zubar mata da mutunci a idon jama'a, don hakan na iya taɓa zaman lafiya. Dokar ta tsaya daram. Kuma a tsarin kotuna ƙaramar kotu ba ta tsallake maganar babba. Don haka in ka bi ta sama-sama, alƙalin Anaca bai yi wani abin mamaki ba, hanyar da aka share masa ya bi.

Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a Inugu ta yanke hukunci a 1983, ko da yake za ka ga lauyoyi na rubuta 1985 don a shekarar ce ya fito a kundin rahoton shari'u. Ta soke ɗaurin, ta sallami Nwankwo, sannan ta wuce nan ta ce sashe na 50 da 51 sun ci karo da 'yancin faɗin albarkacin baki da ke sashe na 36 na kundin 1979.

Yadda suka kauce wa hukuncin Chike Obi shi ne wajen da gwanintar take. Ba su ce Kotun Ƙoli ta yi kuskure ba, ba su da wannan ikon. Cewa suka yi ƙasar da aka yanke wancan hukunci a cikinta ba ita ce wannan ba. A 1961 Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa a takarda, tsarin firaminista ake yi, akwai wani a sama da ba ya takara ba ya kamfe wanda ake kare wa alfarma. Mai shari'a Alfa Belgore, ɗan Ilori wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2006, ya bayyana cewa gaba ɗaya manufar wannan laifi ita ce kare mai sarauta, shi kuwa shugaban ƙasa na kundin 1979 ɗan siyasa ne da ya zaga ya roƙi ƙuri'a, haka gwamna, don haka ba sa sanye da rigar kariyar da magabatansu suka sa, kuma babu inda kundin ya hana buga gaskiya in ban da 'yan togaciyar tsaro da ya ambata da kansa. A Hausance dai, wanda ya zo ƙofar gidanka da rana tsaka yana rantse-rantse yana neman ka dangwala masa, ba zai dawo bayan ya ci ya ce kai ba ka isa ka faɗi yadda ya riƙe amanar ba. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Mai shari'a Olatawura kuma shi ne ya yi maganar da har yau ake yawan ɗaukowa. Ya ce mu yanzu ba jahilai ko gungun 'yan tarzomar da Turawan mulki suke hange ba ne lokacin da suka kafa dokar, kuma barin sashe na 51 yadda yake zai zama mugun makami a hannun gwamnati mai cin hanci ko azzalumin shugaba, ya yi amfani da shi duk sanda ya ga dama. Ya ce kada mu rage 'yancin da muka karɓo daga hannun Turawa ta hanyar komawa ga dokokin da suka yi don biyan buƙatarsu. Sai ya kawo abin da ni a ganina shi ne zuciyar hukuncin: masu riƙe da muƙami su daina ƙyamar suka, in marubuci ya wuce gona da iri to ga dokar ɓata suna nan, mai ƙara ya shigar da kansa, amma ya sani dole ya ajiye halinsa da mutuncinsa a gaban kotu a bincika.

Ka ga bambancin hanyoyin biyu kuwa? A shari'ar sedishin gwamna na zaune a gidan gwamnati yana shan shayi, lauyan gwamnati ne ke wahala da kuɗin jama'a, 'yan sanda su kamo, marubuci ne a akwatin tuhuma, ba mai tambayar gwamna ina kuɗin kaza. A ƙarar ɓata suna kuwa shi ne mai ƙara, lauyan wanda ake ƙara zai iya tasa shi gaba da tambayoyi, a ce kawo takardun kwangilar, wa ya sa hannu a nan, kuma in abin da aka rubuta gaskiya ne to magana ta ƙare, gaskiya kariya ce cikakkiya. Shi ya sa mai kaza a aljihu ba ya son wannan hanya ko kaɗan. Kuma kar wani ya ce ai gwamna na da rigar kariya ba zai iya shiga kotu ba, rigar ta hana a kai shi ne, ba ta hana shi kai wani ba, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2007 a ƙarar da Donald Duke ya shigar kan wata mujalla tun yana gwamnan Kuros Riba.

Amma fa kar a ɗauka kotun cewa ta yi baki ya zama sakaka kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Kundin tsarin mulki da hannun dama ya ba da 'yancin, da hagu ya riƙe linzami. A kundin 1979 linzamin na sashe na 41, a na 1999 da muke kai yanzu 'yancin ya koma sashe na 39 linzamin kuma sashe na 45. Abin da yake cewa shi ne majalisa na iya yin dokar da ta taƙaita 'yancin, in dai dokar abu ce da hankali zai karɓa a al'ummar da ke bin dimokuraɗiyya, kuma an yi ta ne don tsaron ƙasa, ko lafiyar jama'a da amincinsu, ko zaman doka da oda, ko tarbiyya, ko kare haƙƙin wasu. Sharaɗi biyu ne a haɗe, kuma gwamnatoci sun fi son su karanta na biyun su tsallake na farko. Da ka yi magana sai a ce tsaro, sai a ce zaman lafiya. Abin da shari'ar Nwankwo ta yi shi ne ta tilasta a tsaya kan na farkon, a tambaya shin ƙasar da ake zaɓe a cikinta za ta iya rayuwa da dokar da ta haramta sa jama'a su daina son mai mulki? Amsa ita ce ba za ta iya ba, don zaɓen kansa ba shi da ma'ana in ba a yarda a faɗi aibin mai ci ba. Jerin dalilan nan na sashe na 45 ka karanta su sau goma, ba za ka ga inda aka rubuta kare gwamna daga jin kunya ba.

Akwai masu cewa, kuma ba zan raina maganarsu ba, ƙasa irin tamu da magana ɗaya ke iya tayar da gari, wa'azi ɗaya ko jita-jita ɗaya a kasuwa ta sa a kwana ana ƙone-ƙone, ba ta dace da sakin baki irin na Turai ba. Duk wanda ya ga rikicin Kaduna na 2000 ko abin da ya biyo bayan zaɓen 2011 ba zai ce wannan tsoro shirme ba ne. Sai dai wanda ya ce a je a kashe 'yan ƙabila kaza ko a ƙona wurin ibadar wasu, akwai dokokin da ke jiransa, kuma sashe na 45 zai tsaya musu da ƙafa biyu. Wannan daban, wanda ya ce kwamishina ya saci kuɗin taki daban. Haɗa su a kwando ɗaya shi ne dabarar, a fake da tsoron na farko a kama na biyu.

Sauran gardamar ta lauyoyi ce: wasu na ganin tunda Kotun Ƙoli ba ta fito ta ce ta janye hukuncin Chike Obi ba, to mai gabatar da ƙara na da abin riƙewa. Sannan hukuncin Inugu kan kundin kudu aka yi shi, wanda aka kama a Kano ko Sakkwato ƙarƙashin Final Kod sai lauyansa ya yi aikin nuna cewa dalilin ɗaya ne. Ni dai ina ganin dalilin ɗaya ne ɗin, Kotun Ɗaukaka Ƙara guda ce a ƙasar nan ko a ina ta zauna, kuma gwamnan Kano ma ƙuri'a ya roƙa kamar na Anambra.

To me ya biyo baya? Murnar ba ta yi nisa ba. Nwobodo ya faɗi zaɓen 1983 a hannun C.C. Onoh na NPN, ranar 31 ga Disamba sojoji suka kifar da jamhuriyar gaba ɗaya, Nwobodo kansa na cikin gwamnonin da suka tsinci kansu a tsare. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta kafa doka ta 4, wadda ta haramta buga duk abin da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta raini ko abin dariya, kuma da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda-guda kan labarin naɗin jakadu. Wato abin da alƙalai suka kora ta ƙofa ya dawo ta taga cikin kaki, wannan karon ma babu kundin da za ka kai kuka gare shi. Babangida ya soke ta a 1985.

An dawo farar hula ma ba a daina ba. A 2006 zamanin Obasanjo an gurfanar da Gbenga Aruleba na AIT da Rotimi Durojaiye na Daily Independent da wannan laifi dai na sedishin, saboda sun tayar da tambaya kan kuɗi da shekarun jirgin shugaban ƙasa da aka sayo, shekara 23 bayan kotu ta ce sassan sun saɓa wa kundi. Daga baya kuma aka samu sabuwar bulala, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ya sa ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 kan saƙon da aka tura don ɓata wa wani rai ko cin fuska ko takura masa, kalmomi masu faɗi irin na sashe na 50 sak, an dai canza musu riga. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana a 2020, ta sake faɗa a 2022, sai a 2024 aka yi masa gyara aka rage faɗinsa, amma kama mutane da sunansa bai tsaya ba. A Kano kuma a 2022 kotun majistare ta sa an yi wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20-20, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, kan ɓata sunan gwamnan lokacin. Tsugune ba ta ƙare ba kenan, an sayar da biri an sayi kare.

Na ga irin wannan da idona a unguwarmu. Wani yaro ɗan maƙwabcinmu, bai fi shekara 24 ba, ya ɗauki hoton famfon burtsatse da aka ƙaddamar da kiɗa da rawa amma ko wata biyu bai yi ba ya daina kawo ruwa, ya sa a Facebook ya rubuta cewa a tambayi shugaban ƙaramar hukuma ina sauran kuɗin, ya ƙara da wata kalma guda da ni ma na ce masa bai kamata ba. Ranar Alhamis da yamma mota ta zo ƙofar shagon da yake gyaran waya aka tafi da shi, Juma'a da safe aka kai shi gaban majistare, aka karanta masa tuhumar ɓata suna da neman tayar da hankalin jama'a, aka ce a ajiye shi a gidan gyaran hali sai bayan sati biyu a saurari batun beli. Wani matashin lauya da ya zo taimako ya zauna da mahaifin a kan benci a waje yana masa bayani da zumuɗi, Baba wannan shari'ar za mu ci, akwai hukuncin kotun sama tun 1983 da ya ce mai mulki ya haƙura da suka. Tsohon ya saurare shi har ya gama, yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce, Lauya Allah ya saka da alheri, amma shi hukuncin nan zai je ya kwana da yaron a can ne? Washegari ya tattara liman da mai unguwa da wani ɗan jam'iyya suka tafi gidan ciyaman ba da haƙuri. Yaro ya rubuta takardar neman afuwa, ya goge hoton, aka janye ƙara. Kwanansa 9 a ciki. Ba wanda ya buɗe sashe na 39 balle na 45, maganar ba ta ma kai inda za a buɗe ba.

Nan ne iyakar abin da hukunci irin na Nwankwo zai iya. Shi yana da kamfani, yana da suna, yana da lauyoyin da za su bi ƙara har sama su jira. Wanda ya kai ƙara a irin shari'ar yaron nan ba nasara a kotu yake nema ba tun farko, kwanakin tsarewar nan su ne hukuncin, kuma yana samunsu kafin alƙali ya kalli ko tuhumar na da ƙafa. Sannan kotu na iya cewa sashe ya mutu, amma cire shi daga littafi aikin majalisa ne, su kuma 'yan majalisa ba su taɓa jin gaggawar yin hakan ba, kowa na tunanin wata rana shi ne a kujerar.

Wasu ƙasashen sun yi. Ghana ta soke dokar sedishin da kuma dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001 zamanin Kufuor, kotun tsarin mulkin Yuganda ta kashe tata a 2010, Ingila ma da ta haifi abin ta soke shi a dokar 2009. Nwankwo ya ci gaba da rigimarsa da masu mulki, ya shiga gwagwarmayar NADECO, ƙungiyar masu adawa da mulkin soja, zamanin Abacha har aka tsare shi, ya yi takarar shugaban ƙasa a 2003, ya rasu a watan Fabrairun 2020. In ka ɗauko kundin dokokin tarayya na 2004 a ofishin kowane lauya ka buɗe sashe na 51, yana nan yadda yake, shekara 2 ko tarar naira 200, kuɗin da yau ko burodin kirki ba zai saya maka ba.